Matar da Ta Zauna a Kujerata

Ku 'ya'yana, akwai shekarar da kuke kira a tsakaninku "shekarar da Umma ta rikice". Kada ku zaci ban sani ba. A bakin jikata na ji, ita kuwa ba ƙirƙira ta yi ba, a bakin manya ta tsinta. Ban yi fushi ba. Amma tunda Allah ya ara mini kwana, hannuna kuma yana iya riƙe biro, zan faɗa muku abin da ya faru a gidan nan na Gyaɗi-Gyaɗi daga farko har ƙarshe, ba tare da wani ya katse ni da "Umma, kin sha maganinki kuwa?" ba.

Shekarar da na fita takabar babanku ce. Lokacin da muka fara ginin gidan, ni ina aikin jinya, shi yana ma'aikatar gwamnati, unguwar ba ta cika ba, daga ƙofa kana hango karan dawa. Ɗaki ɗaya-ɗaya muka yi ta ƙarawa, in albashi ya bari. Kafin mu ankara shaguna sun kewaye mu, ga masu sayar da magani, ga ɗakunan hayar ɗaliban asibiti, ga 'yan adaidaita sahu suna ta hon tun safe. Fili ya zama zinariya. Ni kuma sai ga ni ni kaɗai a ciki. Kai Babangida kana Abuja da iyalinka, ke Zainab kina aure a Kaduna da cikin fari. Kun yi mini kara, kun ce ba za a raba gidan ba muddin ina numfashi, takardunsa kuma su zauna a hannuna.

Wata rana da hantsi aka yi sallama. Dattijo ne cikin farar shadda, da dogon carbi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa zaure. Ya ce sunansa Alhaji Sabo, aminin marigayi ne, ba ya ƙasar lokacin rasuwar. Na shimfiɗa masa tabarma, na zauna daga bakin ƙofa. Ya yi addu'a mai tsawo har muryarsa na rawa. Ya san ciwon sugan babanku, ya san gindin darbejiyar da yake zama da yamma, ya san har rijiyar da muka rufe a tsakar gida. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da babanku da laƙabinsa yake kiransa. Wannan kuwa cikakken sunansa yake ta faɗa, irin yadda aka rubuta a takarda.

"Hajiya, gidan nan ya yi miki girma," in ji shi. "Tsufa da kaɗaici ba sa shiri. Ina da mutum a hannu. Yau in kin ce to, gobe an gama. Ba sai an ɗaga wa yara hankali ba."

"Alhaji, ni ban sa gidana a kasuwa ba."

"Ai abu mai kyau shi ke sayar da kansa. Ɗan nuna mini takardun in ɗauki hotonsu, don dai a san darajarsa."

"Ba sa fitowa sai magada sun taru."

Bai ji haushi ba, murmushi ya yi. Da ya kai bakin ƙofa sai ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya shafa shi a hankali, kamar mai duba ragon layya a kasuwa.

"Ba gaggawa, Hajiya," ya ce. "Gida ba ya gudu. Mutane ne ke tafiya."

Bai sake zuwa ba. Amma daga nan gidan ya fara sauya mini. Kun san duk wata ina zuwa ganin likitan hawan jini, ina wuni a can saboda layi da gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ranar Juma'a kuma ina zuwa wurin ƙanwata a Tarauni. To a irin waɗannan ranakun ne. In dawo in tarar da kwaɗo a kulle yadda na bar shi, in shiga, sai in ga buta ba a inda nake ajiye ta ba. Kofunan baƙi an wanke su tas, an kife, amma a jere ta yadda ni ban taɓa jerawa ba. Falo yana warin man zafi irin na masu ciwon gwiwa, ni kuwa ba na shafa shi. Wata Juma'a na zauna a kujerata, wadda ke ƙarƙashin hoton babanku, sai na ji ta da ɗumi. Rana ba ta shiga falon nan, kun sani. Na miƙe tsaye da jakata a hannu, na daɗe ina kallon kujerar. A ranar ce kuma na ɗauko hijabina ruwan toka zan yi la'asar, na ga silin gashi a wuyansa, dogo, ja da lalle. Ni furfurata fara ce fat, ban taɓa rina ta ba.

Na kira ka, Babangida, ka zo, Allah ya yi maka albarka. Ka duba kwaɗo, ka duba tagogi, ka hau ka leƙa katanga. Sannan ka fita ka tambayi mai shagon magani na ƙofar gida ko ya ga wani ya shiga ranar Juma'a. Ina tsaye a zaure na ji amsarsa da kunnena.

"Ba wanda ya shiga sai Hajiya da kanta. Da baƙinta ma ta shigo, na ce mata sannu, ta ɗaga mini hannu."

Ka juyo ka dube ni, ni ma na dube ka. Ranar ina Tarauni tun safe har bayan azahar, ƙanwata shaida ce, amma ka ce ita ma ai shekarunta sun ja. Washegari ka kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan nan ni na koya masa neman jijiya yana ɗalibi. Ya sunkuyar da kai don kunya, ya tambaye ni yau wace rana ce, ya ce in maimaita sunayen wasu abubuwa. Na amsa duka. Ya ce bai ga komai ba, amma a sa ido. A mota ka yi ta lallashina in koma Abuja. Ka ce ma akwai wani aminin Baba, mutumin kirki, Alhaji Sabo, yana yawan kiranka ku gaisa, shi ma ya damu da zamana ni kaɗai. Na ce maka ban yarda da shi ba. Ka sauya magana, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

Bayan ka tafi ni ma na fara shakkar kaina, wannan kuwa ya fi komai tsoratarwa. In ajiye cokali, in tsaya ina tambayar kaina ko ni na ajiye. Na yawaita karatu, na yi ta tofa wa kusurwoyi Ayatul Kursiyyu. Wata Juma'a kafin in fita na barbaɗa toka a bakin ƙofar ɗakina, na ce ko mutum ne ko aljan zai bar sawu. Da na dawo ban ga sawu ba, ban ga tokar ba. An share wurin ƙal, an jingine tsintsiyar a bango. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na faɗa gidan Inna Laraba, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ta yi muku wankan jarirai ku duka. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Rabi, ba ki haukace ba," ta ce. "Kuma ni dai tunda nake ban taɓa jin aljanin da ke wanke kofi ya yi shara ba. Wannan mace ce, kuma mai tarbiyya."

Amsar da ƙafarta ta zo. Wata Laraba da azahar, ranar da ba na zuwa ko'ina, wata matashiya ta yi sallama da kular abinci a hannu, fararen kayan aikin jinya na leƙowa ta ƙarƙashin hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta ce sunanta Hafsat, sannan ta leƙa bayana.

"Mama, Hajiya tana ciki?"

"Wace Hajiyar?"

"Hajiya Rabi, mai gidan."

"Ni ce Rabi."

Ta yi 'yar dariya. "A'a Mama, babbar nake nufi. Wadda ta sayar mana da gidan."

Na ce ta shigo ta zauna. Ta ciro waya ta nuna mini hoto. Falona ne. Ga hoton babanku a bango, ga mijin Hafsat a durƙushe yana murmushi, ga Alhaji Sabo a gefe. A kujerata kuma ga wata tsohuwa sanye da hijabina ruwan toka, da tsohon tabarauna da nake ajiyewa a kan talabijin. Ta karkata kai gefe ɗaya yadda nake yi. Na rantse muku, na ɗan lokaci ni kaina sai da na ce yaushe aka ɗauke ni wannan hoton.

Hafsat ta ce sun riga sun ba da kafin alƙalami, tarin da suka yi ita da mijinta tun aurensu. An nuna musu takardu masu hatimi. Sauran kuɗin kuma za su cika ranar da Hajiya za ta tafi Kaduna wurin 'yarta mai shirin haihuwa, don an ce daga can ba za ta dawo ba, a ranar za a ba su mukulli. Ta tambaye ni me ya sa ba su taɓa ganina ba. Na tambaye ta me ya sa ba su tambayi mai unguwa ba. Ta ce Alhaji ya roƙe su su rufa wa Hajiya asiri, ba ta son dangin miji su sani.

Muka je wurin mai unguwa da ita da mijinta da Inna Laraba, shi kuma ya kai mu wurin 'yan sanda. Jami'in ya ce hoto kaɗai ba zai isa ba, sai an kama su a cikin gidan, kuma sai ni ina tsaye a wurin, domin matar tana da takardu da sunana, 'yan unguwa ma za su rantse ita ce ni. Ya ce irin waɗannan ba mutum ɗaya suke sayar wa gida ba, in aka bari mutane suka tare, sai dai a tsufa a kotu. Aka shirya zan yi kamar na tafi. Ban faɗa maka ba, Babangida, don na san zuciyarka, a take za ka kira Sabo ka zage shi, shi ke nan ya ɓace. Kuma ta bakinka yake jin duk motsina ba tare da ka sani ba. Ke na faɗa wa, Zainab. A lissafin likita da saura kafin ki haihu. Kika ce, "Umma, ki bar musu gidan ki taho." Na ce miki 'yan kwanaki ne kawai.

Na fito da akwatina a gaban kowa, na yi sallama da masu shaguna, na hau adaidaita. Na sauka a Tarauni, na sa niƙabi, na dawo ta lungun baya na shige gidan Inna Laraba. Na zauna a ɗakinta, katanga ɗaya tsakanina da gidana. Ba su zo ranar ba, ba su zo washegari ba. Sai da kwanaki suka ɗan ja sannan Sabo ya kira mijin Hafsat ya ce gobe da hantsi. A yammacin nan, ana kiran la'asar, wayata ta yi ƙara.

"Umma, ya fara. Ruwa ya fashe. Kina ina?"

"Ina Kano, 'yar nan. Ku tafi asibiti yanzu-yanzu. Gobe da azahar ina wurinki."

"Umma, tsoro nake ji."

Inna Laraba ta ɗauko mayafina ta miƙo mini, ta ce tashi ki tafi, gida ƙasa ce da siminti. Na riƙe mayafin a cinyata. Na tuna haihuwar fari nawa na karɓa da hannuna, yawancinsu sai sun kwana sun wuni. Na tuna abin da jami'in ya faɗa. Na tuna Hafsat da tarin da suka yi ita da mijinta. Na tuna kuma cewa in na tafi, wata ce za ta miƙa mukullin babanku da sunana, ni kuma in ƙare rayuwata a matsayin tsohuwar da ta sayar da gadon 'ya'yanta ta manta. Na ajiye mayafin. Ba wanda ya tilasta mini, ni na zaɓa.

Da hantsi, rana tarwai, muka ji an buɗe kwaɗo. Muka ba su lokaci. Sannan na zagaya, mai unguwa da 'yan sanda biyu cikin farin kaya suna bayana, na tsaya a ƙofar gidan da na shiga ina amarya... a'a, gidan da na ɗebo wa ruwan gini da kaina, na yi sallama kamar baƙuwa. Daga falo wata murya ta amsa, a sanyaye, cikin natsuwa.

"Wa alaikumus salam. Shigo mana, baiwar Allah."

Na ɗaga labule. Tana zaune a kujerata, ta zuba wa Hafsat da mijinta shayi a kofunana. Tsayinmu ɗaya, shekarunmu kusan ɗaya. A kusa ba ta yi kama da ni ba, amma wa yake kallon fuskar tsohuwa? Muka dubi juna. Maza biyu da suka rako ta suka zabura, aka damƙe su a tsakar gida. Sabo bai shigo ba, yana cikin mota a bakin titi, da ya ga mai unguwa ya ja ya tafi. Ita kuwa ba ta motsa ba. Ta cire tabarau ta ajiye a kan talabijin. Ta cire hijabin, sai ga kitso ja da lalle. Ta ninke shi da kyau, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ban ɓata miki komai ba," ta ce. "Kullum sai na share kafin in fita."

Na isa Kaduna bayan azahar, kamar yadda na ce. An yi miki aiki da asuba, Zainab. Yaron bai zo da rai ba, kuma kafin in iso an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Na shiga ɗakin da kike kwance, na kama hannunki, kika bar mini shi kamar ba naki ba, fuskarki na kallon bango.

"Gidan ya tsira?" kika ce.

"Ya tsira."

"To, alhamdu lillahi."

Na karanta bayanan likita, na yi magana da ungozomar. Ko ina tsaye a kanki ba abin da zai sauya, wa'adinsa ke nan. Amma na san ba don in sauya wani abu kika kira ni ba. Abin da gidan nan ya ci ke nan, kuma ni da ke muka biya. Mun shirya daga baya, Allah ya ba ki wasu, na yi miki wankan jegonsu, sai dai wancan yammacin yana nan tsakaninmu, ba na kuma neman ki ce babu shi.

Sabo ba a kama shi ba, sunan ma ba nasa ba ne. Su Hafsat ba su ga kuɗinsu ba. Mukullin kuwa, ashe tun kwanakin zaman makoki, da gida ke buɗe ga kowa, wani ya zare shi daga ƙusa ya kai aka yanka irinsa. Bayan raina gidan naku ne, in kun so ku sayar. Amma ku za ku nemi mai saye, ku duka a zaune, da mai unguwa, da lauyan da ku kuka zaɓa. Duk wanda ya zo ba a kira shi ba, yana gaggawa, yana cewa kada wane ya ji, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi ƙofa. In kuma tsoho ya ce muku wani abu yana faruwa a gidansa, ku fara duba gidan da kyau kafin ku duba kansa.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na dawo daga Kaduna na je na ga matar a inda ake tsare da ita. Na kai mata tuwo. Sunanta Tabawa. Ta ci a hankali, ta suɗe hannu, sannan ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ita ma tana da gida a Darmanawa, na mijinta, da bishiyar lemo a tsakiya. Ba ta da ɗa a raye. Bayan rasuwar mijin wani dattijo mai farar shadda ya zo mata gaisuwa. Ya ce takardar gyaran haraji ce, ta dangwala yatsa. Yau shaguna ne a wurin. Ta yi ta rakuɓe-rakuɓe a gidajen dangi har suka gaji da ita. Sai ga shi ya sake nemo ta, ya ba ta ɗaki da abinci, aikinta kawai ta zauna a kujerar da aka nuna mata ta amsa sunan da aka ba ta.

"Gida nawa kika zauna haka?" na tambaye ta.

"Ban ƙirga ba. Amma naki ya fi kwanciyar hankali. Har gyangyaɗi nake yi."

Na ce zan roƙa a sassauta mata, na kuwa roƙa, daga baya aka sake ta a hannun wani ɗan ƙanenta. Na tattara kwanona zan tashi, sai ta kamo bakin mayafina. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da yaya take yi wa ƙanwa.

"Alhajin nan yana yabonki ƙwarai, Hajiya. Ya ce ni an fara gane fuskata a gari. Ya ce ke kin yi boko, kin iya magana da mutane. In kin fita daga gidan, kin ɗan zaga gidajen surukai kin gaji, zai zo ya same ki. Har ya ce in gyara miki gefen katifata."